Palanto Za Shi Azbin

Shekara talatin da huɗu Chaibu Wada ya yi yana kai takardu a wani biro, wato ofis, na gwamnati a Maraɗi, kuma a biron nan kaf ba a samu mutum uku da suka riƙe sunansa ba. Palanto ake ce masa, wato ɗan aiken biro. Darakta ya kira shi Palanto, mai shara ya kira shi Palanto, har liman in ya gan shi a sahun baya sai ya ce Palanto ya matso. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa furta kalmar ba, matarsa Atika. Ita Malam take ce masa tun ranar da aka kawo ta, ko da yake malantar tasa ba ta wuce karanta sunan da ke bayan ambulan ba.

Ɗan Tsibiri ne, auta a gidan manomin gero. Ya yi lakwal, makarantar boko, shekara shida bai tsinana komai ba, sai wani kawunsa ya lura yaron yana da ƙafa kuma ba ya musu, ya kai shi biro. Aka ba shi baƙin keke mai kariya ta ƙarfe da benci a bakin ƙofa. Daga ranar rayuwarsa ta zama Maraɗi zuwa Tsibiri, Maraɗi zuwa Jiratawa, a dawo a zauna bisa benci a jira wani ya leƙo. Kuma ba takardar gwamnati kaɗai ba. Matar darakta ta aike shi cefane, sakatare ya aike shi karɓo ɗinki. Bai taɓa cewa a'a ba. Mutane suna kiran wannan kirki, amma kirkin da bai san a'a ba, ragonta ce aka yi wa wanka.

Shi kuwa a ransa ba ƙaramin mutum yake ganin kansa ba. Ya raina ƴan kabu-kabu raini mai tsanani. Yakan ce mutumin da inji ke ɗauka ba matafiyi ba ne, buhu ne mai hula. In babur ya wuce shi da ƙara, sai ya yi tsaki ya gyara zama a sirdi, kamar wanda aka bar wa gadon hanyar.

A bangon da ke bayan bencinsa akwai wata tsohuwar taswirar ƙasa. Kudu kore, tsakiya rawaya, can sama kuma wani yanki ja-ja mai kama da ƙonannen ƙanzo. Nan ne Azbin, ƙasar duwatsu, bayan Agadas. Chaibu ya yi shekaru yana juya wuya yana kallon wurin. Abin da ya ja shi ba kyan dutse ba ne, don bai taɓa ganin dutsen da ya fi rumbu tsawo ba. Ya dai lura cewa a yankin nan babu ko ɗigo ɗaya da ke nuna biro. Ranar da aka zo yi wa ginin fenti aka yaye taswirar aka yar, ya naɗe ta ya kai gida.

Da ya ajiye aiki, aka bar masa keken don ba mai so. A nan ya faɗa wa Atika abin da ke ransa. Yana so, sau ɗaya kafin ya mutu, ya hau keken nan ya bi hanya ba da saƙon kowa ba. Ya je Azbin, ya taɓa dutse da hannunsa, ya dawo, kuma in an tambaye shi wa ya aike shi ya ce babu. Atika ba ta yi dariya ba, ta ce Allah ya nufa. Wannan ne karo na farko da ta ji mijinta yana son wani abu don kansa, abin ya yi mata daɗi ƙwarai.

Gaskiya ɗaya ce, shirin ya yi shi da kyau. Shekara uku ya ɗauka. Ya sayi kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, ya bi Buzaye masu gadin gidajen alhazai yana shan shayinsu yana tambaya. Ya bi Fulani a kasuwar dabbobi. Bai yarda da maganar mutum ɗaya ba sai wani ya maimaita ta. Daga Maraɗi a bi ta Tsibiri a hau hanyar Dakwaro, nan gudro ne, wato kwalta, wasan yara. Daga Dakwaro a shiga daji ta wajen Barmo, a nufi Adarbisanat, a haura gangaren Tigidit, a sauka Agadas, sannan a kama hawan dutse zuwa Timiya. Kowane zango ya ba shi shafi guda: ina rairayi yake da za a sauka a tura keke, ina ƙaya ta fi yawa, ina makiyaya ke sauka a wane wata. Ya rubuta faci nawa zai riƙe, da sarƙa ta canji, da ƙwallayen gindi a ƙunshe cikin tsumma mai maiƙo.

Amma uwar shirin duka ruwa ne. Rijiya goma sha ɗaya ya lissafa tsakanin Dakwaro da Agadas, kowace da sunanta da zurfinta da irin ruwanta. Tsakanin ta shida da ta bakwai akwai tafiyar kwana uku babu ɗigo. Saboda wannan ratar kaɗai ya sayi bido biyu rawaya, jarkoki masu cin lita ashirin-ashirin, ya sa maƙeri ya ƙera musu mazauni hagu da dama. Da bido biyu a cike, da guzuri da bargo da kayan gyara, keken ya kai iyakar abin da zai ɗauka. Ya gwada ya sake gwadawa. Ko tulin goro aka ƙara, ƙafar baya sai ta fara kuka.

Ya yi atisaye kuma, abin da ya ba unguwarsu Sabon Gari abin dariya na shekara biyu. Da rani yakan shiga busasshen gulbi da bidunansa yana tura keke cikin rairayi, wai yana koyon hamada. Dutse kuwa tunda Maraɗi ba ta da shi, sai ya riƙa hawa ɗan tudun da ke tasowa daga fadama zuwa gari, sau goma kowace safiya, tudun da tsofaffin mata ke hawa da itace a ka suna hira. Ƴan majalisar ƙofar masallaci suka laƙaba masa Madugu. Shi kuwa gogan bai ji zolayar ba, daɗi ya ji, don dai ba Palanto ba ce.

Wasu sun ce masa hanyar arewa ba lafiya yanzu, ya ce ɓarawon da zai tare tsoho da keken da ya girmi ɓarawon, ai ya ji tausayinsa. Wasu sun ce shekara sittin da ɗaya ba wasa ba ce. Duk bai girgiza ba, kuma da a ce hamada ce ta kayar da shi ko ƴan fashi, da ba wanda zai raina shi.

Bayan kaka, saura mako biyu ya tashi, ya ce wa Atika gobe zai fara zagayen sallama. Al'ada ce, mai doguwar tafiya ba ya fita sai ya bi dangi da manya ya nemi gafara ya karɓi addu'a. Atika tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, in tahiya za ka yi, ka tashi ka tahi. Kak ka yi ma kowa sallama. Na san ka, na kuma san su."

"Ɓarawo ni ke, da zan hita gari babu sallama?"

Ta ce in ya dawo ya bi su ya ba da haƙuri, haƙuri ba ya da nauyi a kariya. Ya ce mata ba su san zumunci ba. Gaskiyar maganar, ba zumuncin ne ya dame shi ba. Shekara talatin da huɗu yana shiga gidajen nan da takardar wani a hannu, yana so yanzu ya shiga da labarin kansa, a shimfiɗa masa tabarma, a ce ashe Chaibu namiji ne. Kwaɗayin tabarmar nan shi ya kashe rijiya goma sha ɗaya.

Ya fara da Tsibiri, gidan yayarsa Fasuma. Ya zauna ya buɗe kaye zai yi mata bayanin Tigidit. Kalma ɗaya ta shiga kunnenta, Agadas. Ta tafa hannu ta ce Allah mai iko, ɗiyarta da ke aure can ta haihu wata guda ke nan, tana ta neman wanda zai kai mata kayan jego. Kafin ya rufe baki an fito da garin kunu tiya biyar, da yaji, da daddawa, da tulin kuka.

"Yaya, bisa keke hwa za ni."

"To mi? Auta, ba kai ka kai ma gwamnati kaya ba? Ɗiyar taka ta hi gwamnati nauyi?"

Ya ce to.

A Jiratawa ya je wurin Zakariya'u, wan Atika, mai lambu. Shi ma yana da ɗa a Agadas, kuma yaron kullum kukansa ba zogale irin na gida. Buhu guda na busasshe, ai ba nauyi, iska ce kawai. Matar Zakariya'u ta ƙara da tulu sabon gashi, don an ce mata tulunan can ba sa sanyaya ruwa. Tulu, a keke, a hanyar da za a yi kwana ashirin ana faɗuwa cikin rairayi. Chaibu ya dubi tulun, ya dubi surukinsa, kunya ta kama shi. Ya ce to.

Sai Alhaji Maman Lawali, babban ɗan kasuwar unguwa, wanda manyan motocinsa ke tafiya arewa kowane mako. In akwai wanda ba ya bukatar keken tsoho a duk Maraɗi, shi ne. Chaibu ya tsuguna a gefen darduma ya ce ya zo neman gafara. Alhaji ya yafe masa da hannun hagu, yana duba salula da na dama, sai da ya ji Agadas ya ɗago.

"Palanto, Allah ya kawo ka. Akwai turame goma da ni ka so su shiga hannun wani abokina. Direbobina ɓarayi na. Kai ko, shekara talatin ban ji an ce allura ta ɓace hannunka ba."

Da Alhaji ya zage shi, da wataƙila ya tsira. Amma an ce masa mai amana a gaban mutane, sai ga tsoho yana washe baki yana sunkuyar da kai kamar amarya. Ya ɗauko turamen da kansa ya ɗaure, har da godiya.

Daga nan labari ya bazu, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ashe rabin Sabon Gari suna da ɗan'uwa a Agadas, kuma duk shekarun nan ba wanda ya tuna da shi sai da aka samu mai kai kaya a banza. Mutanen da suka yi shekara biyu suna yi masa dariya a bakin gulbi su ne suka riƙa sallama a ƙofarsa, kowa da ƙunshinsa, kowa da "ɗan abu ne ba yawa". Ba wanda ya tambaye shi ta ina zai bi, ko me zai sha. Saƙo ashirin da uku suka taru a tsakar gida, har da tabarya.

Saura kwana uku ya fito da keken ya fara ɗauri. Ya ɗora rabin kayan, ƙafar baya ta lotsa. Ya cire bido ɗaya ya zauna da kaye yana sake lissafi: in ya sha rabin abin da ya tsara, in bai yi alwala da ruwa ba sai taimama, in ya tuƙa da sanyin safiya kaɗai. Lissafin ya ƙi. Kwana uku tsakanin rijiya ta shida da ta bakwai ba sa raguwa don an roƙe su. Kuma ko da bido ɗayan a ƙasa, saura saƙo tara ba su hau ba. Ya cire na biyu, kaya suka hau duka, tulu a sama. Ya ja da baya ya dubi keken, ya ga babu ruwa ko na kurkure baki. Shi da ya yi shekara uku yana tambayar rijiyoyi ya fi kowa sanin ma'anar abin da yake kallo.

Atika ta ce abu mai sauƙi ne, ya mayar wa kowa kayansa, ya fara da Alhaji tunda shi ne mai motoci. Ta ce in ya iya mayar da na Alhaji, sauran ita za ta kai da kanta. Chaibu ya ɗauki turamen ya fita da ƙarfin hali, yana ta maimaita abin da zai ce a hanya. Ya isa, Alhaji ya hango shi ya ce madalla da mai amana, dama yana neman sa, akwai wata ƴar darduma da ya manta. Bayan rabin awa Chaibu ya shigo gida da turame goma da darduma. Atika ta dube shi, ta ɗauki bidunan ta kai su bakin murhu.

Ranar tafiya mutane suka taru a ƙofar gida aka yi fatiha. Madugu ya hau keke yana tangaɗi, ya bi titi ya sha kwana, ya zarce tashar mota. Da kuɗin guzurinsa ya biya wa kansa da keken da kayan mutane. Motar ta bi ta Ƙonni da Tawa, hanyar da ba ta da shafi ko ɗaya a kayensa. Mutumin da ya ce wanda inji ke ɗauka buhu ne mai hula ya yi yini da kwana a kujerar baya, hularsa a ka, tulun matar Zakariya'u a cinya.

A Agadas ya yi kwana tara, kuma a nan aka ga gwaninta. Adireshin da aka ba shi irin namu ne: bayan masallaci, ka tambayi gidan Bamaraɗiya mai ƙosai. Wani ma suna kawai aka ba shi da cewa dogo ne. Chaibu ya bi lungu-lungu a garin da bai taɓa gani ba, ya nemo su ɗaya bayan ɗaya. Saƙo ashirin da uku da darduma, ko ɗaya bai ɓata ba, tulu bai yi ko tsaga ba. Aikin da Allah ya hore masa ke nan, kuma shi ne aikin da ya tsana.

Rana ta tara da hantsi ya miƙa na ƙarshe, tabaryar. Ya fito ya kama keken, sai ya ji shi sakayau. Babu komai a kariya, babu takarda a aljihu. Ya tsaya a titi yana jin wani abu kamar tsoro. Sai ya hau ya nufi arewa, ya wuce gidajen ƙarshe, ƙasa ta fara tauri tana tashi a hankali ƙarƙashin taya. Can gaba ya hango su, jere, shuɗi-shuɗi, ba ja ba kamar yadda taswira ta nuna. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Murna ce tsantsa, irin wadda bai taɓa yi ba ko ranar aurensa. Ba shi da bido, amma yana da gora ɗaya, kuma kayen ya ce akwai lambuna da rijiya kafin la'asar. Da ya ci gaba da tuƙi, da ya kwana a gindin dutse.

Salula ta yi ƙara a aljihunsa. Abokin Alhaji ne, yana cewa ya haɗa ɗan tukuici da za a kai wa Alhaji, dabino ne da cuku, ya zo yanzu don zai fita. Salula tana da maɓallin kashewa, jikan Chaibu ma ya san wurinsa. Ya tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, duwatsu a gabansa, ya buɗe baki.

"To, ga ni nan tahe."

Hangen Dala ba shiga birni ba. Ya juya keken. Kafin magariba sauran ma sun ji zai koma, kowa ya kawo amsar saƙonsa. Ya dawo Maraɗi a mota da ƙunshi talatin da ɗaya.

Ƴan majalisa suka tarbe shi da Madugu ya dutse, ya ce dutse yana nan. Ba su ja zolayar da nisa ba, don yanzu yana da amfani. Kwana huɗu ya yi yana rabon kaya tsakanin Sabon Gari da Jiratawa, ana sa masa albarka. Alhaji Maman Lawali ya ɗanɗana dabino ya yaba, ya tambaye shi yaushe zai koma, don akwai wasu turamen. Chaibu ya ce sai dai bayan salla. Alhaji ya ce ya rubuta kada ya manta.

Da ya dawo gida da la'asar ya zauna a kan tabarma ya ɗauko kaye mai bango shuɗi. Duk shafukan sun cika da zango da rairayi, sai ɗan fili a ƙasan shafin rijiya ta bakwai. A nan ya rubuta sunan Alhaji da turame, ya ja layi, ya bar wuri don masu zuwa.

Atika tana tsaye a bakin murhu tana tsiyayar ruwa daga bido rawaya. Ta ga abin da ya rubuta da inda ya rubuta shi. Shekara uku ta yi tana kare shi a wurin matan unguwa, tana cewa su jira su gani. Ba fushi ta ji ba, fushi ai sai wanda ake sa ran zai canja. Ta rufe bidon, ta ɗauko ƙunshin cuku guda da ya rage, na Tsibiri, ta ajiye a gefen tabarmarsa.

"Palanto, in ka gama, ka kai ma Yaya Fasuma nata."

Ya ɗago kai ya dube ta. Ta riga ta juya ga tukunyarta. Ya jima yana kallon bayanta, sannan ya rufe kayen, ya ɗauki ƙunshin.

Ya ce, "To."